Ƙarfen da Ban Yar Ba

Shin Malam ya san abin da na aikata ne lokacin da ya yi min tambayarsa ta ƙarshe, ko kuwa tambaya ce kawai irin ta miji da mata? Shekara biyu ke nan da rasuwarsa. Na tambayi 'yarmu Binta, wadda ke riƙe masa waya a ranar, ta ce ita ba ta san komai ba. Babu kuma wanda ya rage da zan tambaya.

Sunana Hajara. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Maƙwabciyata Malama Asabe ce ke rubuta wannan, na kuma roƙe ta kada ta gyara min inda ya yi muni. In kuka ya ci ƙarfina, ta ajiye biro ta jira ni.

Kafin na kai ku Amurka sai na faɗi abu biyu game da mijina, Malam Habu. Na farko, ya taɓa yin fim. Gyaran rediyo da bidiyo ne sana'arsa a bakin kasuwar Wudil, sai wata shekara abin ya shiga kansa. Ya sayar da shanun nomanmu biyu, ya ɗauko mai kyamara daga Kano, ya tara mahauta da masunta a bakin kogi, suka yi fim a kan wani ɗan dambe. Babu waƙa a ciki, babu rawa, babu 'yan mata. 'Yan kasuwa suka ce wa zai sayi wannan? Ranar da ya haska shi a tsakar gidanmu, ana tsakiya na tashi na shige ɗaki. Ƙarshensa a bakin mata na ji shi, a gidan biki, ana dariya: wai jarumin ya ci dambe, sai ya tona wa kansa asiri. Na dawo gida na ce wa Malam, "Wane wawa ne zai ci wasa ya kwance wa kansa zani a kasuwa? Shanunmu ke nan ka kai kogi." Kaset ɗin suka cika mana ɗaki har gara ta fara cin kwalayen. Da damina ta zo na farfasa su, na zare zaren, na kai gonarmu ta Utai na ɗaɗɗaura a kan gero don korar tsuntsaye. Zaren yana walƙiya yana kuka in iska ta kaɗa. Malam ya tsaya a bakin gona ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To, ya dai sami 'yan kallo."

Na biyu, ciwon sukari ya kama shi da girma ya zo. Ni aka koya wa yi masa allura a asibiti. Shekara tara ina yi, safe da yamma. Hannuna ya saba har yakan ce sauro ya fi ni zafi.

Ɗanmu na fari, wanda kowa ke ce wa Injiniya, ya daɗe a Amurka. Shi ya aiko a kawo mu mu ga ɗansa Habibu, wanda aka ce ya zama gwani a wani wasa. Likita ya hana Malam tafiya. Na ce to ni ma na fasa. Malam ya ce, "Je ki gano mana jikanmu. Binta ta iya allura." Na tafi da nufin wata uku.

Zangon farko wani filin jirgi ne da ban san ƙasar ba, inda muka sauya jirgi. Wata mata da muka taso tare daga Kano ta ce na ba ta aron bargona ta yi salla a kai, ta shiga cikin mutane, ban sake ganin ta ba, ban sake ganin bargon ba. Na zauna sanyi yana cin ƙafata. Wata mai shara ce, da ba ma jin yaren juna, ta ga ina waige-waige da carbi a hannu. Ta kama hannuna ta kai ni wani ɗaki mai darduma, ta nuna min alƙibla, ta kawo min ruwan zafi a kofin takarda. Allah ya saka mata. Da muka sauka Amurka kuwa kare aka sako wa jakata. Suka fito da daddawata da kilishi, wani ya toshe hanci, suka jefa a kwandon shara ina kallo. Kuka da kuɓewa kawai suka bar min.

Gidan Injiniya a wani ƙaramin gari yake, shiru kamar an yi mutuwa. Shi da matarsa su fita da safe sai yamma. Ba mai sallama, ba mai shigowa ɗiban wuta, ba kiran salla sai wanda waya ke yi. Ina zama bakin taga ina tuna ranar Juma'a a Wudil, yadda kukan shanun kasuwar kara ke iso mu har cikin gida.

Habibu ne kaɗai ke cire min kewa. Shekararsa ashirin da ɗaya, yana makarantar gaba da sakandare ta garin, ƙato kamar ingarma. Hausarsa guntu-guntu ce amma ya iya tsiya.

"Tsohuwa, kin zo ƙwace ni? Ina da budurwa fa."

"Ango, wace mai tsautsayin ce za ta iya ciyar da kai? Tuwon mutum huɗu ka share jiya."

Shi ya kai ni kallon wasan nasu, besbol suke ce masa. Wani ya jefo ƙwallo kamar lemon zaƙi, wani ya tare shi da sanda mai kama da 'yar taɓarya. In ya maka shi har ya tsallake katangar fili, sai ya zaga da gudu ya dawo inda ya tashi, wai ya komo gida, jama'a su miƙe suna ihu. A jikin katangar akwai wani allo da aka rubuta sunan mutumin da ya fi kowa tsallakar da ƙwallo a shekara ɗaya tun da aka kafa makarantar. Sunan ya daɗe a wurin tun kafin a haifi Injiniya. Aka ce min saura kaɗan Habibu ya wuce shi, in kuwa ya wuce, manyan ƙungiyoyi za su zo nemansa.

Mai sunan nan maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya. Wani baƙin tsoho ne mai dogara sanda, sunansa Walta, ni ina ce masa Baba Walta. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun yi nisa. Shi ya fara ɗora wa Habibu sanda a hannu tun yana ɗan shekara shida. Kullum da hantsi sai ya miƙo min tumatir na lambunsa ta kan katanga ya ce, "Sannu, Mama," iyakar Hausarsa ke nan a zatona.

Wata safiya bayan na idar da asuba na tura ƙofar ɗakin wanki, sai na ga Habibu ya janye wando, sirinji a hannu, yana neman wuri a cinyarsa. Abu ɗaya na sani da ke sa mutum ya yi wa kansa allura da sassafe.

Na ce, "Innalillahi. Ango, ciwon kakanka ne ya biyo ka?"

Ya dube ni. Sannan ya ce, "E, Kaka. Sukari. Kar ki faɗa wa Babana. In an sani za a hana ni wasa."

Na karɓe sirinjin. Na lura allurar ta fi ta Malam kauri, ruwan kuma kamar man gyaɗa, ba kamar wanda na sani ba. Na tambaya, ya ce maganin Amurka daban ne, sau biyu a mako ya isa. Na yarda. Me na sani? Na yi bisimilla na soka masa. Ya ce bai ji komai ba, na ji daɗi har cikin raina. Daga ranar, Litinin da Alhamis ni ke yi masa. Na ɓoye sukarin gidan, na hana shi lemon kwalba, ina dafa masa zogale, ina tashi ina roƙa masa lafiya. Malama, rubuta wannan yadda na faɗa: hannun da ya kamata a ce yana kan cinyar mijina marar lafiya, yana can yana tsira wa lafiyayyen yaro abin da zai ƙara masa ƙarfin cin amanar mutane. Kuma da bisimilla nake farawa.

Ana cikin haka, wata Asabar da la'asar, Injiniya ya ce, "Inna, shirya, Baba Walta na gayyatar ki. Akwai abin da za ki gani." Muka shiga garejinsa. An jera kujeru, mutum kamar ashirin, farare da baƙaƙe, yawanci masu furfura. Injiniya ya ce min wata ƙungiya ce ta masu son finafinan da duniya ta ƙi, suna haɗuwa duk wata. Ina shiga suka miƙe tsaye suna tafi. Na waiga na ga wa ake yi wa.

Aka rufe ƙofa, aka kunna. Sai ga kogin Wudil a jikin bango. Ga kwalekwalen Sarkin Ruwa na wancan zamani, ga Ɗan'azumi mahauci da ya rasu tuntuni, yana saurayi, shi ne ɗan damben, ana naɗa masa zare a hannu. Ashe kaset ɗaya ya tsira daga hannuna. Injiniya ya tafi da shi tun zuwansa na farko, ya ba Baba Walta aro, aka juya shi, aka sa masa rubutun Turanci a ƙasa. Sun fi shekara goma suna kallonsa duk shekara. Sun san inda akuya za ta ratsa fili, suna yi mata gaisuwa kafin ta fito. Sun san kiɗan kalangun, suna buga shi a cinya.

Wannan karon ba ni da ɗakin da zan shige. Na ga yadda ɗan damben ya ɓoye guntun ƙarfe a cikin naɗin hannunsa. Na ga ya kayar da tsohon gwanin da ya koya masa dambe. Aka jawo masa sa, makaɗa suna zuga shi. Sai ya tsaya a tsakiyar fili ya fara warware zaren, a hankali, kiɗa ya mutu. Na ga mutanen garejin kowa ya sa hannu a aljihu. Ƙarfen na faɗuwa a cikin fim, sai duk suka saki nasu a kan siminti, wani ƙusa, wani cokali, wani makulli, ƙara ta cika garejin. Suka haɗa baki da Hausarsu ta 'yan koyo, tare da Ɗan'azumi: "Ba hannuna ba ne."

Na ja mayafi na rufe fuska. Baba Walta ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki nasa, wani ƙaton noti mai tsatsa, ya sa min a tafin hannu. Injiniya ya fassara min: wai a gaya wa mijina, shi ya kalli finafinai ba iyaka, amma bai taɓa ganin namijin duniya irin wannan ɗan damben ba. Ban iya gaya masa inda sauran kaset ɗin suka tafi ba.

Mako uku bayan haka Habibu ya wuce Baba Walta a yawan tsallakar da ƙwallo. Ina wurin. Ƙwallon ya tashi har na daina ganin sa. Baba Walta ya shiga fili da sandarsa, ya cire tsohuwar hular wasansa ya ɗora wa yaron a ka, ya rungume shi yana hawaye.

Washegari da rana aka yi walima a bayan gida. Na yi waina da miyar taushe. Har wani babba daga makarantar ya zo. Aka zaunar da ni kusa da wata Hajiya Rabi, mutuniyar Maraɗi da ke aure a garin, tana yi min tafinta. Baba Walta ya ce a tambaye ni me nake ba jikana da ya yi wannan ƙarfi. Kowa ya yi dariya. Ni kuwa alfahari ya cika ni. Na ga ai wasa ya ƙare, ba wanda zai hana shi kuma, ya kamata duniya ta san jarumtarsa.

Na ce, "Hajiya, gaya musu duk abin nan da ya yi, da ciwo a jikinsa ya yi shi. Sukari gare shi. Ni da hannuna nake yi masa allura a cinya, Litinin da Alhamis."

Baiwar Allah ta fassara maganar tsaf, da murmushinta. Sai na ga dariya ta ɗauke. Matar Injiniya ta ajiye faranti. Baba Walta bai dube ni ba, Habibu ya duba. Yaron ya sunkuyar da kai, hular tana kansa.

Bayan baƙi sun watse Injiniya ya shigo ɗakina ya durƙusa. Shi ya bayyana min mene ne maganin: na ƙara ƙarfi ne, haramun ne a wasan, wanda aka kama da shi an kore shi ke nan, a goge sunansa.

"Inna, jibi shugabannin makarantar za su kira ki. In kin tsaya a kan maganarki za su gwada jininsa. In kin janye, magana ta mutu."

"To me zan ce? Ai na yi."

"Ki ce Babanmu kike nufi. Ai kina yi masa allura, ba ƙarya ba ne. Ki ce tsufa ne, tafinta ta juya."

"Kai, ni za ka koya wa ƙarya da furfurata?"

"Karatunsa ne, Inna. Rayuwarsa ce. Ke kika ɗaure, ke za ki kwance."

Habibu yana bakin ƙofa. Ba tsiya, ba Tsohuwa. Ya ce, "Kaka, don Allah."

Aka kai ni wani ofis. Wata mata mai tabarau ta zauna gabana, ta kawo min shayi da kanta, tafinta kuma yana magana ta waya. Notin Baba Walta yana ƙulle a bakin zanina, ina jin nauyinsa a cinya. Ta tambaye ni ko na taɓa yi wa Habibu allura. Na ce mijina nake nufi. Ta sake tambaya ta wata hanya. Na ce ni tsohuwa ce, kaina na ruɗewa. Ta cire tabarau ta ce ba wanda zai taɓa ni ko me na faɗa, gaskiya kawai take so. A nan ne ya kamata na kwance bakin zanin. Na ga Ɗan'azumi a idona, tsaye a tsakiyar fili. Sai na ji bakina ya ce, "Wallahi ban taɓa ba."

Ba wanda ya ce na rantse. Ni na ƙara da kaina.

Magana ta mutu kamar yadda Injiniya ya ce. Aka sauke sunan Baba Walta daga allon aka sa na jikana. Ban iya karatu ba, amma na ga sabon fentin.

Na yi zaton tumatir ya ƙare. Washegari da hantsi sai ga hannu ta kan katanga. "Sannu, Mama." Na kasa ɗaga ido. Na kwance notin na miƙa masa, don ban cancanci riƙe shi ba. Ya dubi notin, ya dube ni. Wallahi mutumin nan ya sani. Ya naɗe yatsuna a kan ƙarfen, ya tura min hannuna, ya juya yana dogara sandarsa. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

A ranar da azahar ɗinmu na sa aka kira min gida. Binta ta ce jikin Malam ya ɗan motsa, amma yana magana. Ta kara masa wayar. Na ba shi labarin garejin, tun da a baya kunya ta hana ni. Na faɗa masa Turawa na gaishe da akuyarsa, suna buga kalangu a cinya, sun haddace maganar Ɗan'azumi. Na faɗa masa saƙon Baba Walta. Ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi, na ji Binta na cewa a kawo ruwa. Na ce masa ya yafe min zancen gonar Utai. Ya ce ai geron ya yi kyau a shekarar. Na ofis ɗin ne ban faɗa ba. Na ce a raina sai na dawo, in ina yi masa allura, ya juya min baya, zan faɗa.

Kwana biyu bayan nan ya cika. Kafin a sama min jirgi an yi sadakar uku. Ƙasa kawai na tarar.

Na yi kaffarar rantsuwa, amma malamai sun ce wannan irin ba ta da kaffara sai tuba da mayar da haƙƙi. Haƙƙin kuwa yana jikin wani allo a bayan duniya. Habibu na can yana wasa, yana aiko min da atamfa, na kasa ɗinka ko ɗaya. Shi ya sa na kira Malama Asabe. Na ce ta rubuta, ta sa a juya shi da Turanci, a aika wa Baba Walta tun yana da rai, a aika wa Habibu shi ma. Abin da za su yi da shi, su suka sani. Injiniya zai yi fushi, na sani. Notin yana nan gabanmu a kan tabarma.

Na sha juya ƙarshen wayar nan a raina. Wataƙila Injiniya ya kira uban ya faɗa masa komai. Wataƙila kuma ranar tsakar gida kawai ya tuna, ranar da na tashi na bar shi da baƙinsa. Tarin ya lafa. Sai na ji numfashinsa, ya kira sunana, abin da bai cika yi ba. Ban amsa masa tambayar ba, na tsaya haɗiye kuka, Binta ta karɓi wayar ta ce ya gaji.

Cewa ya yi, "Hajara, wannan karon kin kalla har ƙarshe kuwa?"